Eriya da hasumiyar rediyon masu sha'awa

Eriya ita ce waya ko ƙarfen da ke fitar da saƙon rediyo daga na'urar aikawa zuwa sarari, ta kuma kamo saƙon da ke zuwa daga wani wuri. Hasumiya kuwa ita ce abin da ake kafawa domin ɗaga eriyar sama. A rediyon masu sha'awa, wato sadarwar da masu lasisi ke yi a tsakaninsu don koyo da gwaji da agajin gaggawa ba don neman kuɗi ba, yawanci mai tasha ne da kansa yake zaɓar eriyarsa, ya auna ta, ya kafa ta. Ƙaramar na'ura mai eriya mai kyau takan kai inda babbar na'ura mai eriya mara kyau ba ta kaiwa, shi ya sa masu wannan fanni suka fi ɓata lokaci a kan eriya fiye da kowane sashe na tasha. Wannan maƙala ta ɗauki garin Ribah, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, a matsayin misalin yanayin da ake kafa irin wannan kaya a karkarar arewacin Najeriya.

Sunaye

Kalmar eriya aro ce daga Ingilishin Birtaniya, kuma ta shigo Hausa tare da akwatin rediyo. Hasumiya kuma daga Larabci take, kuma asalinta dogon gini ne irin na masallaci, kamar Hasumiyar Gobarau ta Katsina. A bakin jama'a ba kasafai ake kiran dogon ƙarfen kamfanin waya hasumiya ba, an fi cewa ƙarfen sabis, ko kuma a kira shi eriya kawai, wato a ba wa abin da ke ɗauke da kaya sunan kayan. A nan an raba su, domin aikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙaramar rediyon hannu ta jami'an tsaro ana kiran ta oba-oba, daga kalmar da mai magana ke faɗa idan ya gama don abokin maganarsa ya karɓa. Kalmar zango, wadda asalinta wurin yada hutun matafiya ne, ita masu sauraron BBC da Muryar Amurka suka saba ji a "gajeren zango" da "mita 16", kuma da wannan ma'ana aka yi amfani da ita a nan.

Taƙaitaccen tarihi

Heinrich Hertz na Jamus ne ya fara amfani da eriya mai hannu biyu a gwaje-gwajensa na 1887 da 1888. A ranar 12 ga Disamba 1901, Guglielmo Marconi ya bayyana cewa ya ji saƙon da aka aiko daga Poldhu ta Ingila yana St John's, a can ƙetaren tekun Atlantika, da waya mai tsawo wadda ya ɗaga sama da filfilon iska mai igiya. A 1926 Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi na jami'ar Tohoku a Japan suka fito da eriya mai jerin sanduna, irin wadda daga baya ta cika saman gidaje a zamanin talabijin. An kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta duniya, IARU, a Paris a 1925, kuma ƙungiyar Najeriya, NARS, tana cikinta. Kafin 'yancin kai lambar kiran tashoshin Najeriya tana farawa da ZD2. Yanzu tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Benin da TY, ta Gana da 9G.

Zango da tsawon waya

Tsawon eriya yana bin tsawon zangon da za ta yi aiki a kai. Eriya mai hannu biyu, wadda aka fi sani da daifol, waya ce da aka raba biyu daidai, aka haɗa kebul a tsakiyarta, kuma jimlar tsawonta rabin zango ne. Ƙa'idar lissafi ita ce a raba 143 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon wayar da mita. A megahaz 14.2, wato zangon mita 20, wayar takan kai mita 10 da 'yan kai. A megahaz 7.1, zangon mita 40, kimanin mita 20 ce. A megahaz 3.65 tana neman mita 39, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidajen cikin gari amma ba ya gagarar mai gona a bayan gida. Ana yanke wayar da ɗan rara, a ɗaga ta, a auna, sannan a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan daga ɓangarorin biyu, domin kusancin ƙasa da rufin kwano da itatuwa duk suna sauya lissafin.

Abin da ake aunawa shi ne SWR, wato yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ya koma wa na'ura. Idan ma'aunin ya nuna 1 zuwa 1.5, babu matsala. Idan ya wuce 2, yawancin na'urorin zamani kan rage ƙarfinsu da kansu don kada su ƙone. Sai dai SWR mai kyau ba shaida ba ce cewa eriya tana kai saƙo nesa. Kebul mai yawan asara ma yakan nuna lamba mai daɗin gani, alhali ƙarfin yana ƙarewa a cikinsa kafin ya isa sama.

Zaɓen eriya

Tambayar farko ita ce wa ake so a yi magana da shi, domin amsarta ce ke nuna irin eriyar da tsayin da ake bukata.

Mai son magana da garuruwan kusa a zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146, yana aiki ne da saƙon da ke tafiya kusan a miƙe, kamar haske. Sanda tsayayya mai tsawon santimita 49 da wayoyi huɗu a gindinta ta isa, kuma ana iya haɗa ta da guntun wayar wuta. A nan tsayi shi ne kome. Nisan da saƙo ke kaiwa a fili, da kilomita, kusan 4.1 ne a ninka da tushen murabba'in tsayin eriya da mita. Eriyar da ke mita 10 takan kai kilomita 13, idan ta abokin magana ma tana mita 10 sai su haɗu a kilomita 26. Ninka tsayin zuwa mita 20 yana kai wa ne kilomita 18 kawai, ba 26 ba. Amma eriyar da aka ɗora a kan dutsen da ya ɗara kewayensa da mita 100 takan kai kilomita 41. A ƙasar Zuru, inda duwatsu da tuddai suka yawaita, wannan lissafi yana da baki biyu: dutsen da ke tsakanin garuruwa biyu yana tare saƙo ko da an kashe kuɗi a kan doguwar hasumiya, kuma dutsen nan shi ne wurin da ya fi dacewa da na'urar maimaita saƙo mai aiki da sola.

Mai son magana da Birnin Kebbi, Sakkwato, Gusau, Kontagora, Minna ko Kaduna daga Ribah ba ya bukatar hasumiya ko kaɗan, kuma wannan shi ne abin da sababbin shiga suka fi jinkirin yarda da shi. Daifol na zangon mita 40 ko 80 da aka rataya ƙasa-ƙasa, tsakanin mita 4 da 10, yana tura saƙonsa kusan tsaye zuwa sama. Saƙon yana bugun ɓangaren sararin samaniya da ake kira ayonosfiya, ya dawo ƙasa kamar ruwan da aka watsa wa rufin ɗaki, ya sauka a duk kewayen har zuwa kimanin kilomita 400 ko 500, ba tare da duwatsu sun tare shi ba. Ana kiran wannan hanya NVIS. Da rana zangon mita 40 ya fi yi, da dare kuma na mita 80. Sanda ɗaya a tsakar gida, da hannayen wayar biyu da aka sauko da su gefe kamar rufin bukka, ta wadatar, muddin kusurwar da ke tsakanin hannayen ba ta gaza digiri 90 ba. Bishiyar kuka ko ɗorawa ko darbejiya tana iya maye gurbin sandar, idan aka sa igiya tsakanin waya da reshe kuma aka bar mata ɗan sassauci don kaɗawar iska.

Mai neman ƙasashen waje a zangon mita 20, 15 da 10 yana so saƙonsa ya fita a kwance ne, kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Wannan yana samuwa idan daifol ya kai tsayin rabin zango, wato mita 10 a zangon mita 20. A wannan tsayi saƙon yakan fi fita a kusurwar digiri 30. Daifol yana aikawa ta gefensa ne ba ta bakinsa ba, don haka wayar da aka shimfiɗa daga gabas zuwa yamma tana kallon arewa da kudu, wato Turai da kudancin Afirka. Daga arewacin Najeriya, Amurka tana arewa maso yamma, Japan tana arewa maso gabas, Saudiyya kuwa duk wanda ya san alƙibla ya san inda take.

Eriyar Yagi mai sanduna uku tana tara ƙarfi zuwa fuska ɗaya, ta ninka shi kusan sau uku zuwa huɗu a kan na daifol, ta kuma rage hayaniyar da ke zuwa ta baya. Kuɗinta shi ne girma da nauyi: a zangon mita 20 kowace sanda tana kusan mita 10, tana bukatar injin juyawa, kuma ita ce ke tilasta kafa hasumiya ta gaske. Akwai masu sauƙi. Eriyar Moxon, mai sunan Les Moxon na Birtaniya, waya ce da aka lanƙwasa ta zama kusurwa huɗu, ana iya ɗaure ta a kan gora. Eriyar kwad, wadda Clarence Moore ya ƙirƙiro a 1942 a gidan rediyon HCJB da ke Quito ta Ekwado bayan bakin sandunan eriyarsu ya riƙa narkewa saboda tartsatsin wuta a iskar kan tsauni, ita ma waya ce da sanduna marasa ɗaukar wuta. G5RV, wadda Louis Varney ya tsara a 1946, waya ce mai mita 31 da ke aiki a zanguna da dama idan akwai na'urar daidaitawa.

Kebul

Na'urorin masu sha'awa an ƙera su ne don kebul mai om 50. RG-58 siriri ne kuma ya isa a gajeren zango idan nisan bai yi yawa ba, amma a zangon mita 2 tsawon mita 30 nasa yana cinye fiye da rabin ƙarfin. RG-213 ya fi kauri kuma asararsa kusan rabin ta wancan ce. Wanda ake samu a kowace kasuwa shi ne kebul ɗin dish, RG-6, mai om 75. Yana aiki da daifol a ƙaramin ƙarfi, SWR ɗinsa yakan tsaya wajen 1.5, sai dai ragarsa ta alminiyom ba ta kama dalma. Ruwan da ya shiga bakin kebul a damina ɗaya yana lalata shi, don haka ake naɗe mahaɗar da tef mai kama jikinsa kuma a lanƙwasa kebul ɗin ƙasa kafin ya shiga ɗaki, ruwa ya ɗiga a waje.

Ire-iren hasumiya

Mafi sauƙi ita ce sanda guda, ta gora ko ta fayif ɗin ruwa na ƙarfe, mai igiyoyin riƙo. Gora ba ta da nauyi kuma ba ta ɗaukar wuta, amma gara na cin gindinta, rana na tsaga ta, ba ta wuce 'yan shekaru. Fayif ɗin roba yana lanƙwashewa a zafin bazara. Fayif ɗin ƙarfe da aka zura ƙarami cikin babba yana kai mita 9 zuwa 12 da eriyar waya ko ƙaramar eriyar mita 2.

Ta biyu ita ce hasumiya mai ƙafa uku da aka saƙa da ƙarfe, ana haɗa ta gaɓa-gaɓa, igiyoyin ƙarfe na riƙe da ita. Tana ɗaukar Yagi, amma tana cin fili. Ana kafa turakun igiyoyin a fuska uku, digiri 120 tsakanin kowane biyu, a nisan kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na tsayin hasumiyar. Hasumiya mai mita 15 ke nan tana neman turke a mita 9 zuwa 12 daga gindinta ta kowace fuska. Ta uku ita ce mai tsayawa da kanta, mai faɗin gindi, wadda ba ta cin fili amma tana cin siminti da rodi. Akwai kuma wadda ake kwantarwa ko a sauke ta da wunci, kuma a yankin da guguwa ke da lokacinta sananne wannan ta fi kwanciyar hankali, tunda ana iya sauke ta kafin hadari kuma ana gyaran eriya a ƙasa.

Masu walda na cikin gari suna iya ƙera hasumiya, kamar yadda suke ƙera ƙafar tankin ruwa. Bambancin shi ne tanki yana danna ƙafarsa ƙasa ne, eriya kuwa iska ce ke tura ta gefe tana neman tumɓuke gindin, kuma waldar da ta riƙe nauyi ba lallai ta riƙe jijjiga ta shekaru ba. Duk abin da mutum zai hau ya kamata injiniya ya duba zanensa.

Iska da tushe

Ƙarfin iska yana ƙaruwa da murabba'in gudunta. Iska mai gudun kilomita 60 a awa tana tura kowane murabba'in mita da nauyin kimanin kilo 17, mai gudun 120 kuwa da kusan kilo 70. Idan eriya mai faɗin murabba'in mita ɗaya tana kan mita 12, gindin hasumiyar yana jin wannan kilo 70 sau 12, ban da abin da iskar ke yi wa jikin hasumiyar kanta. A kudancin Kebbi lokacin haɗari shi ne farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da guguwa ke zuwa daga gabas gaban ruwa, tana yaye kwanon gidaje tana kayar da falwaya. Saboda haka aikin kafawa ya fi dacewa da rani, a gama shi kafin hadarin farko. Kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma a zafin rani sai ana yayyafa masa ruwa. Ƙasar fadama da ta yi tauri kamar dutse a watan Maris takan saki turke a watan Agusta.

Tsawa da wayar ƙasa

Dogon ƙarfe a fili yana jawo tsawa, kuma babu abin da ke hana ta sauka. Abin da ake yi shi ne a ba ta gajeriyar hanya zuwa ƙasa. Ana haɗa kowace ƙafar hasumiya da sandar tagulla mai kimanin mita 2.4 da aka buga cikin ƙasa, da waya mai kauri wadda ba ta da lanƙwasa mai kaifi, sannan a haɗa sandunan da juna da kuma wayar ƙasa ta gidan. Inda dutse ya hana sanda shiga, kamar yadda ake samu a sassan ƙasar Zuru, ana binne wayoyin tagulla a kwance su bazu daga gindin. Masu aikin wuta kan zuba gishiri da gawayi a ramin, kuma hakan yana taimakawa a busasshiyar ƙasa, amma gishirin yana cin sandar. Tagulla da ƙarfe mai rufin zinki ko alminiyom ba sa zama tare cikin danshi, sai an sa mahaɗin da ya dace. Duk da wannan, al'adar da ta fi tsare kaya ita ce cire kebul daga na'ura a fitar da shi waje da zarar hadari ya haɗo. A lokacin hunturu ma busasshiyar iska mai ƙura tana tara wuta a jikin doguwar waya, har ta yi tartsatsi a bakin kebul alhali babu gajimare.

Haɗarin da ya fi tsawa kisa shi ne wayar wutar lantarki. Layukan kilobolt 11 da 33 da ke ratsa garuruwa ba su da rufi, kuma fayif ɗin da ya kuɓuce wa masu ɗagawa ya taɓa su yana kashe duk wanda ke riƙe da shi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce nisan ya kai ninki biyu na tsayin sanda da eriya a haɗe. Ba a hawa hasumiya sai da bel na hawa da hular kwano da mutum a ƙasa, kuma ba a hawa wadda ba a gama ɗaure igiyoyinta ba.

Doka da zaman jama'a

Dokar sadarwa mara waya ta Najeriya ta 1961 ta haramta kafa ko amfani da na'urar aikawa ba tare da lasisi ba. Ƙa'idojin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, sun hana masu sha'awa ɓoye ma'anar saƙonsu, kuma dole mai tasha ya riƙa faɗin lambar kiransa. Dogayen hasumiyoyi suna ƙarƙashin idon hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, musamman kusa da filin jirgi.

A Danko/Wasagu batun ya wuce takarda. Ƙaramar hukumar tana iyaka da Zamfara kuma ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga. A watan Satumba 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara, daga baya aka yi haka a wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Wannan ya nuna amfanin hanyar sadarwar da ba ta dogara da ƙarfen sabis ba, ya kuma nuna yadda hukuma ke kallon sadarwa a irin wannan yanki. Sabon ƙarfe a saman gida yana jawo tambaya, kuma mai oba-oba da ba shi da takarda yana iya samun kansa cikin zargin da ya fi tara muni. Wanda ke da lasisi ma ya fi masa ya sanar da mai unguwa da hakimi da ofishin 'yan sanda kafin ya fara haƙa rami. Siririyar waya tsakanin bishiyoyi biyu ba ta ɗaukar ido kamar hasumiya, kuma wannan ƙarin dalili ne na fifita ta a can.

Karkara tana da nata alfanun. Hayaniyar lantarki da ke toshe gajeren zango a Kano ko Kaduna ba ta da yawa a ƙauye, sai wadda mai tasha ya kawo da kansa ta inbata da na'urar cajin sola da ƙwan LED masu arha. Nisanta eriya daga waɗannan yakan gyara ji fiye da ƙara mata tsayi.

Tauraron QO-100

Tun 2019 akwai hanyar kaiwa nesa ba tare da hasumiya ba. Tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar, Es'hail-2, wanda aka harba ranar 15 ga Nuwamba 2018, yana ɗauke da na'urar masu sha'awa da ake kira QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya a sama, a digiri 25.9 gabas, kuma yana rufe Afirka duka da Turai da Gabas ta Tsakiya har zuwa Indiya da gabashin Brazil. Ana aika masa a gigahaz 2.4, ana karɓa a gigahaz 10.5. Dish ɗin talabijin mai faɗin santimita 60 zuwa 90 ya isa, kuma LNB irin na kasuwa yana karɓar saƙon. Daga Ribah tauraron yana kudu maso gabas, sama da digiri 60 daga ƙasa, don haka dish ɗin yana iya zama a tsakar gida a kan guntun fayif, katanga da duwatsu ba sa tare shi. Ruwan sama mai ƙarfi yana rage saƙon na ɗan lokaci, kamar yadda yake yi wa talabijin.